Hoton Ƙwaƙwalwa Mai Launi-Launi: Inda Ya Faɗi Gaskiya da Inda Ya Wuce Gona da Iri

Kwanakin baya Gwaggona ta turo min wani hoto ta WhatsApp. Na tabbata kai ma, mai karatu, ka taɓa cin karo da irinsa: ƙwaƙwalwar mutum an raba ta gida-gida, kowane gida da launinsa, an ja kibiya an rubuta aikinsa. Nan "tunani", nan "gani", nan "tsoro", can kuma "ajiyar karatu". A ƙasan hoton an tsaga ta biyu, ɓarin hagu cike da lambobi da alamomin lissafi, ɓarin dama an watsa masa fenti da furanni. Bayan hoton sai ga saƙon murya. Wai autanta, wanda zai shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ya amsa wasu tambayoyi a intanet, sakamako ya nuna shi "mai ƙwaƙwalwar dama" ne. "To ke da kike karatun abin nan," in ji ta, "ba gara mu hana shi shiga ajin kimiyya ba tun kafin ya je ya sha wahala?"

Da farko dariya na yi. Daga baya kuma abin ya tsaya min a rai, don makomar yaro ce ake shirin yankewa a kan hoton da ba a ma san wanda ya zana shi ba. Shi ya sa yau nake so mu zauna mu yi wa wannan hoto duba na tsanaki. Akwai gaskiya a cikinsa, kuma ba kaɗan ba. Matsalar ita ce an cuɗa gaskiyar da ƙarin gishiri, har ya zama mai kallo ba zai iya rabe tsaki da tsakuwa ba.

Abin da hoton ya faɗa daidai

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Ƙwaƙwalwa ba dunƙulen abu ɗaya ba ce kamar curin fura. Tana da sassa, kuma sassan ba iri ɗaya ba ne.

Ta baligi tana da nauyin kilo 1.3 zuwa 1.4, wato kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki yake ƙonawa idan mutum yana hutawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira niyuron, kimanin biliyan 86, bisa ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel ta ƙasar Brazil da abokan aikinta suka fitar a 2009.

Daga ƙasa, inda ta haɗu da laka, akwai kututturen ƙwaƙwalwa. Shi ke kula da numfashi, bugun zuciya, haɗiya, barci da farkawa, duk ba tare da ka ba shi umarni ba. A bayansa, daidai ƙeya, akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato sarabelam, mai daidaita motsi da tsayuwa. A tsakiya akwai talamas, wanda yake kamar tashar mota: saƙonnin ido da kunne da fata suna yada zango a nan kafin su wuce sama. Ƙarƙashinsa akwai haifotalamas, ɗan mitsitsi ne, amma yunwa, ƙishirwa, zafin jiki da sarrafa sinadaran homon duk suna bi ta hannunsa.

Sai ɓawon ƙwaƙwalwa, wannan shimfiɗar mai lanƙwasa-lanƙwasa da kake gani a hotuna. Kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal. An saba raba shi huɗu a kowane ɓari. Sashen goshi yana da hannu a tsara aiki, kame kai da motsa gaɓoɓi. Sashen tsakar kai yana karɓar taɓi, yana kuma sanin inda hannunka yake ko da idonka a rufe. Sashen gefen kunne yana da hannu a ji, fahimtar magana da tuna abubuwa. Sashen ƙeya kuwa nan saƙon ido yake fara sauka a ɓawo. Kuma wayoyin sun gitta: ɓarin hagu ke motsa hannun dama da ƙafar dama, na dama ke motsa na hagu.

Wannan duk gaskiya ne, kuma likitoci suna cin gajiyarsa kullum. Idan aka kawo mutum hannunsa na dama ya saki, magana kuma ta sarƙe, tun kafin a ɗauki hoto likita zai yi zargin matsalar tana ɓarin hagu. To ina kuskuren yake?

Kuskuren farko: fulogi ba shi ne tafiyar babur ba

Neman raba ƙwaƙwalwa gida-gida tsohon abu ne. Ibn Sina da likitocin zamaninsa sun ɗauka cewa kogunan ruwan da ke cikinta su ne mazaunin tunani, na gaba yana tara abin da gaɓoɓi suka kawo, na baya yana ajiye shi. Wajejen shekarar 1800, wani likita Bajamushe da ke aiki a Biyana, Franz Joseph Gall, ya lissafa halaye 27, ya ce kowanne yana da gurbinsa, har wai idan ka shafa ƙoƙon kan mutum za ka gane inda ya yi tudu, ka san ko mai son yara ne ko mai son kayan mutane. An daɗe da watsi da wannan ra'ayi. Amma ka dubi zanen kan da mabiyan Gall suke yi, ka dubi hoton Gwaggo, za ka ga kamannin jini.

Hujja ta gaske ta fara zuwa ne daga marasa lafiya. A 1861, likitan Faransa Paul Broca ya duba wani mutum mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 ba ya iya furta kusan komai sai "tan", duk da yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Da mutumin ya rasu, Broca ya tarar da rauni a ƙasan sashen goshi na hagu. A 1874, Carl Wernicke, yana ɗan shekara 26, ya bayyana akasin haka: mutanen da magana ke zuba daga bakinsu ba gargada, sai dai ba ta da ma'ana, kuma ba sa fahimtar ta wasu. Nasu raunin yana can baya, a sashen gefen kunne na hagu. A 1953 kuma, a Amurka, aka cire wa Henry Molaison yawancin wani sashe mai suna hifokamfas a ɓari biyu don maganin farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 kusan bai sake iya riƙe sabon abin da ya faru da shi ba.

Daga irin waɗannan labarai aka samo kibiyoyin nan. Sai dai ka lura da yadda hujjar take: an lalata nan, aiki kaza ya tsaya. Me wannan ya tabbatar? Ɗauki babur. Ka cire fulogi, ba zai tashi ba. Za ka ce ke nan fulogi ne "sashen tafiya"? Ka tsinka sarƙa ma ba zai je ko'ina ba, ka zuƙe mai ma haka. Abin da ka gano shi ne tafiya tana buƙatar fulogi. Ba ka gano cewa tafiyar tana zaune a cikinsa ba.

Su kansu labaran da aka gina taswirar a kansu sun fi yadda ake ba da su sarƙaƙiya. Broca bai yanka ƙwaƙwalwar Leborgne ba, ya adana ta ne yadda take a Paris. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta suka sa ta a na'urar MRI, suka ga raunin ya nutsa ciki sosai, ya taɓa har da wayoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da bayanta. Yau an san cewa idan rauni ya tsaya a "yankin Broca" kaɗai, matsalar magana sau da yawa ta ɗan lokaci ce. Mai ɗorewa tana zuwa ne idan an taɓa wuri mai faɗi da wayoyin da ke ƙarƙashinsa.

Haka Molaison. Mai bincike Brenda Milner ta sa shi bin layin zanen tauraro yana kallon hannunsa ta madubi. Kullum sai ya ce bai taɓa yin wannan aiki ba, amma kullum hannunsa ƙara ƙwarewa yake. Ashe tuna abin da ya faru daban, ƙwarewar hannu daban, kowanne da hanyarsa. Ka ga kibiya ɗaya da aka rubuta wa "ajiyar karatu" ba za ta ɗauke wannan ba.

Akwai kuma Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo da sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita ɗaya ta ratsa kansa a Vermont a 1848. Littattafai da yawa sun mai da shi misalin cewa "ɗabi'a tana sashen goshi", suna ba da labarin ya lalace har abada. Likitansa ya rubuta cewa halinsa ya canza, wannan gaskiya ne. Amma binciken Malcolm Macmillan ya nuna an yi wa labarin ƙari sosai. Gage ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar tsari, kiyaye lokaci da iya zama da mutane, kafin ya rasu a 1860. Wannan ɓangare na labarin, na farfaɗowa, shi ne aka fi mantawa.

Kuskure na biyu: hagu lissafi, dama zane

Yanzu mu zo kan abin da ya tayar wa Gwaggo hankali. Wannan ma yana da tushe. A shekarun 1960, a California, an yi wa wasu masu farfaɗiya mai tsanani tiyata, aka yanke gadar da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu. Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka yi nazarinsu. Idan aka haska hoton cokali a gefen hagu na allo, saƙon yana zuwa ɓarin dama ne. Sai mutumin ya ce bai ga komai ba, amma hannunsa na hagu ya laluba cikin kaya ya ɗauko cokali. Ɓarin dama ya gani, bakin magana ne ba ya hannunsa. Sperry ya samu kyautar Nobel a 1981 saboda wannan aiki.

Don haka bambanci tsakanin ɓari biyu gaskiya ne. A kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, ɓarin hagu ne ke jan ragamar harshe, a bahagwai kuwa kusan kashi 70. Ɓarin dama ya fi ƙarfi wajen lura da sarari. Wanda ya samu rauni a sashen tsakar kai na dama yana iya cinye rabin tuwon da ke dama da kwano, ya bar na hagu, ba don ya ƙoshi ba, sai don hankalinsa ba ya kai wa wancan gefen.

Amma ka tuna su wa Sperry ya yi nazari a kansu: mutanen da aka yanke wa gada. Taka gadar tana nan, da wayoyi kusan miliyan 200, saƙo na kai-kawo dare da rana. Ka ɗauki magana ita kanta. Ka fasa kofi, mahaifiyarka ta dube ka ta ce, "Sannu da aiki." Ɓarin hagu ya ɗauko kalmomin, amma gane cewa gatse ne, daga karin murya da yanayin fuska, yana dogaro sosai da ɓarin dama. Masu rauni a dama sukan sha wahalar gane gatse da habaici. Lissafi kuma, da aka ba hagu kyauta, yana amfani da sashen tsakar kai na ɓari biyu wajen kimanta yawa. Mai zane yana buƙatar ɓarin da ke ganin siffar abu gaba ɗaya da wanda ke bin ƙananan bayanai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To shin akwai mutanen da ɓari ɗaya ya rinjaye su? A 2013 masu bincike a Jami'ar Utah suka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum 1,011, 'yan shekara 7 zuwa 29. Sun ga ayyukan da suka karkata hagu da waɗanda suka karkata dama, kamar yadda aka zata. Amma ba su ga alamar cewa wasu mutane "'yan hagu" ne wasu "'yan dama" ba. Tambayoyin da autan Gwaggo ya amsa ba su auna komai a cikin kansa ba. Sun tambaye shi abin da yake so ne, suka mayar masa da amsarsa da sabon suna.

Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ne muka faɗa wannan rami. Wani bincike na 2012 ya tarar kashi 91 cikin 100 na malaman makaranta da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 86 a Holan, sun yarda cewa rinjayen hagu ko dama yana bayyana bambancin ɗalibai.

Kuskure na uku: wai akwai ƙadangare a cikin kanka

Wani nau'in hoton yana raba ƙwaƙwalwa hawa uku: ta ƙasa wai ta dabbobi masu jan ciki ce, ta tsakiya ta motsin rai, ta sama ta hankali. Masu koyar da "sirrin nasara" suna son wannan sosai. Za ka ji suna cewa idan ka fusata, "ƙwaƙwalwar ƙadangare" ce ta ƙwace sitiyari. Ra'ayin na Paul MacLean ne, daga shekarun 1960, kuma littafin Carl Sagan na 1977, The Dragons of Eden, ya yaɗa shi a duniya.

Labarin yana da daɗin ji, amma masu nazarin ƙwaƙwalwar dabbobi sun daɗe da ajiye shi. Kifi, ƙadangare, tsuntsu da mutum duk suna da manyan sassan nan iri ɗaya, bambancin yana wajen girma da tsari. Tsuntsu ba shi da ɓawo mai hawa-hawa irin namu, amma hankakan tsibirin New Caledonia yana gyara tsinke ya mai da shi ƙugiya ya zaƙulo tsutsa daga rami. Idan hankali sai da hawa na uku, shi a ina ya samo nasa?

Haka batun amigdala, ɗan ƙullutun da ake rubuta wa "tsoro". Akwai wata mata a Amurka, da aka sakaya sunanta da S.M., wadda wata cuta ta lalata mata amigdala a ɓari biyu. An kai ta wurin macizai, ta riƙe ba ko gezau. Kamar magana ta ƙare ke nan. Amma a 2013 masu bincike a Iowa suka ba ta iska mai yawan kabon dayoksaid ta shaƙa, abin da ke sa jiki ya ji kamar ana shaƙe shi. Nan take ta firgita, firgici mai tsanani. Mace ba ta da "gidan tsoro", ga ta kuma cikin tsoro. Bayan haka, amigdala tana motsawa idan mutum ya ga abin da yake marmari ko abin da ya ba shi mamaki. Ta fi kama da mai gadin da ke cewa "duba nan, akwai abin lura".

Ƙaramar ƙwaƙwalwa da zancen kashi goma

A yawancin hotunan, sarabelam tana maƙale a ƙasa da kalma ɗaya, "daidaito". Amma ka san kusan biliyan 69 daga cikin niyuron biliyan 86 ɗin nan a cikinta suke? Wato kusan kashi 80 cikin 100, a sashen da nauyinsa bai wuce kashi 10 na ƙwaƙwalwa ba. Ɓawon da ake ta kambamawa yana da kusan biliyan 16 ne. A 1998 Jeremy Schmahmann ya bayyana marasa lafiyar da raunin sarabelam ya taɓa musu tsara tunani, harshe da ɗabi'a, ban da motsi. A ɗaya gefen kuma, a 2014 likitoci a China suka ba da rahoton wata mata 'yar shekara 24 da ta je asibiti saboda jiri, aka tarar an haife ta ba sarabelam kwata-kwata. Ta makara wajen fara tafiya da magana, tafiyarta kuma ba ta daidaita sosai ba, amma tana tafiya, tana magana. Taswirar "gida ɗaya, aiki ɗaya" ba ta da amsar wannan.

Sai tsohuwar tatsuniyar nan wai kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwarmu muke amfani da shi, wadda fim ɗin Lucy na 2014 ya gina labarinsa kacokan a kai. Ka yi tunani: jiki zai riƙa ciyar da kashi 20 na kuzarinsa a kan gaɓar da kashi 90 nata yake zaman kashe wando? Ƙwaƙwalwa ba ta barin fili ya zauna haka nan. A 1996 Norihiro Sadato da abokan aikinsa suka nuna cewa makafin da suka rasa gani tun suna ƙanana, idan suna karanta rubutun makafi da yatsa, sashen ƙeya, wanda hoton ya rubuta wa "gani", yana aiki. Da ido ya daina kawo kaya, sai yatsa ya karɓi rumfar.

"Amma ai na ga hoton na'ura, wuri ɗaya ne ya haska"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ruɗar mutane, don gani ya kori ji. Sai dai abin da ka gani ba hoto ba ne irin na kyamara. Na'urar MRI da ake wannan aiki da ita ba ta ganin tunani, ba ta ma ganin niyuron. Tana auna canjin jini mai ɗauke da iskar oksijin, wanda ke biyo bayan aikin niyuron da daƙiƙu kaɗan. Kowane ɗigo a hoton yana ƙunshe da dubban ɗaruruwan niyuron. Mai bincike yana auna mutum yana aiki kaza, ya auna shi yana wani aikin, ya debe wannan daga wancan, sannan kwamfuta ta shafa launi a inda bambancin ya haye wani ma'auni. Wuraren da ba su da launi suna aiki, kawai dai aikinsu bai bambanta ba tsakanin awo biyun.

Kuma idan ba a yi lissafin da kyau ba, launi yana iya fitowa a inda babu komai. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka sa mataccen kifi a na'urar, suka "nuna" masa hotunan mutane, suka yi lissafi ba tare da gyaran da ya kamata ba. Sai ga ɗigo ya haska a kan kifin. Sun yi haka ne da gangan don jan kunnen 'yan uwansu masu bincike. Na'urar tana da amfani ƙwarai, ni kaina ina karanta sakamakonta kullum. Amma duk lokacin da ka ga kanun labari wai "an gano gurbin soyayya a ƙwaƙwalwa", ka tuna da kifin nan.

Me ya sa abin ya dame ni

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai sauƙaƙawa ce don mutane su gane. Na yarda, duk koyarwa sai da sauƙaƙawa. Amma akwai wadda ke buɗe ƙofa, akwai wadda ke rufe ta.

Ta farko da ake rufewa ita ce ta yara irin autan Gwaggo. Yaron da aka gaya wa ƙwaƙwalwarsa ba ta lissafi ba ce zai daina ƙoƙari, rashin ƙoƙarin ya jawo faɗuwa, faɗuwar ta zama "hujja". Alhali ƙwaƙwalwa tana canzawa da abin da aka sa ta. Direbobin tasi na Landan sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. A 2000 Eleanor Maguire ta gano bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Don kada a ce da haka aka haife su, ta bi masu koyo tun daga farko, a 2011 ta nuna girman ya ƙaru ne a waɗanda suka kammala horon suka ci jarrabawa.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kan gaba wajen jawo ta. A nan sanin sassan ƙwaƙwalwa yana iya ceton rai. Idan dattijo ya tashi yana zuba maganar da ba kai ba gindi, a gidajenmu an fi saurin cewa taɓin hankali ne ko iska. Mai yiwuwa kuwa jini ne ya daina isa sashen da Wernicke ya bayyana. Idan ka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nufi asibiti nan take. Maganin narkar da gudan jini yana da amfani ne a cikin kusan awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Kada a tsaya jiran gari ya waye.

Bayan an tsira kuma, a nan ne taswirar gida-gida take cutarwa. Idan iyali suka ɗauka "gidan magana" ya rushe, shi ke nan, ba za su ga dalilin wahalar kai mara lafiya wurin likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da masu gashin ƙashi, ko zama a yi ta maimaita kalmomi da shi ba. Gaskiya ne niyuron da suka mutu ba sa dawowa. Amma waɗanda suka rage suna iya buɗe sabbin hanyoyi, musamman a watannin farko, kuma atisaye ne ke tura su. Za ka ma ga mara lafiyar da ba ya iya cewa a ba shi ruwa, amma yana ƙirga ɗaya zuwa goma ko ya rera abin da ya haddace tun yana yaro. Ba da gangan yake yi ba. Maganar da aka haddace tana da hanyoyin da raunin bai kai gare su ba, kuma masu koyar da magana sukan fara daga nan.

Yadda za ka karanta hoto na gaba

Ban ce a jefar da taswirar ba. Masana kansu suna ci gaba da zana ta: Korbinian Brodmann ya raba ɓawo kusan gida 50 a 1909, wani babban bincike na 2016 ya kai shi 180 a kowane ɓari. Ko zanen Wilder Penfield na 1937, wanda ya jera gaɓoɓi daga ƙafa zuwa fuska a layin motsi, an yi masa gyara a 2023, da aka gano wasu gurabe a tsakanin jerin masu haɗa motsin jiki gaba ɗaya da shirin aiki. Taswirar masana tana canzawa. Ta WhatsApp ce ta tsaya cak.

Idan aka sake turo maka irinta, ka yi mata tambaya uku. Kibiyar tana nuna aiki ne mai sauƙin aunawa, kamar motsa yatsa ko karɓar saƙon ido, ko kuwa babban abu ne kamar "basira" da "soyayya"? Na farko yakan zama daidai, na biyu kusan kullum ƙari ne. An nuna wayoyin da ke haɗa sassan, ko an bar kowane gida shi kaɗai? Sannan, ana so a sayar maka da wani abu ne a ƙarshe, gwaji ko horo ko magani?

Ita kuwa Gwaggo, na kira ta da yamma. Na ce, "Gwaggo, ki ajiye hoton nan. Ki duba sakamakonsa na lissafi da kimiyya na shekara ukun da suka wuce, ki je ki ga malaminsa, sannan ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da shi yake so." Ta yi shiru, can ta ce ai kuwa ba ta taɓa tambayarsa ba. Ta ce za ta yi idan ya dawo daga ƙwallo.